Ɗan wasan da bai taɓa ƙwallo ba, me ya ƙara wa ƙungiya?

A gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon shekarar 2024, Najeriya ta buga wasa bakwai, tun daga rukuni har wasan ƙarshe da ta sha kashi da ci 2 da 1 a hannun masu masaukin baƙi ranar 11 ga Fabrairu. A duk wasannin nan bakwai Ahmed Musa, wanda shi ne kyaftin ɗin tawagar a takarda, bai taka fili ko na minti ɗaya ba. William Troost-Ekong ne ya riƙa ɗaura kambun kyaftin, shi ne kuma aka ba kyautar gwarzon gasar. Musa yana benci, yana tashi ya rungume wanda ya ci ƙwallo, yana raɗa wa wanda za a sako magana a kunne.

Duk wanda ya zauna a gidan kallo a wancan watan ya ji musun. Wasu suna cewa an ɓata gurbi, da an ɗauki yaro mai jini a jika da ya fi amfani. Wasu suna cewa ai tsohuwar zuma da ita ake magani, kuma ba don shi ba da tawagar ba ta haɗa kai haka ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ɓangarorin biyu suna rantsuwa a kan abin da babu wanda ya gani da idonsa a cikinsu. Na farko bai ga abin da Musa yake yi a otal da filin atisaye ba. Na biyu ma bai gani ba, ƙauna ce kawai take magana. To ta yaya ake auna irin wannan daraja, idan ma akwai ta?

Bari mu fara da lissafi mai sauƙi. Mako yana da awa 168. Wasa awa ɗaya da rabi ne, idan an buga biyu a mako awa uku ke nan. A cikin minti 90 ɗin nan ma, ƙwallo ba ta cika yin awa guda tana yawo a fili ba, sauran lokacin yana tafiya a jifa, faɗuwa da jiran alƙali. Raba abin da ya rage tsakanin mutum 22, za ka ga kowa bai wuce minti biyu zuwa uku da ƙwallo a ƙafarsa ba. A kan waɗannan 'yan mintoci ne muke yanke wa mutum hukunci, mu ce wane gwani ne, wane kuma banza ne. Koci kuwa yana tare da shi kwana shida, ya san wa ke fara zuwa, wa ke kawo uzuri, wa ke sa yara dariya ranar da aka sha kashi, wa ke zuga su a kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko a cikin wasan ma ido yana yaudara. Labarin Claude Makélélé, ɗan wasan tsakiya mai tare hare-hare, ya zama darasin da ake koyarwa. A 2003 ya nemi Real Madrid ta ƙara masa albashi, domin abin da yake karɓa bai kama ƙafar na su Zidane da Figo da Ronaldo ba. Shugaban ƙungiyar, Florentino Pérez, ya ƙi, aka sayar da shi ga Chelsea, aka kawo David Beckham a wannan bazarar. Pérez ya fito fili ya ce ba za su yi kewarsa ba, wai yawancin ƙwallayensa baya ko gefe yake bayarwa. A kakar da ta biyo baya Madrid ta ƙare a ta huɗu, ta sha kashi a wasanninta biyar na ƙarshe a jere, kuma ba ta sake ɗaga kofin La Liga ba sai 2007. Chelsea kuwa ta ci Firimiya a 2005 da maki 95, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38.

Sai dai masu ba da wannan labari sukan manta da rabinsa. A bazarar nan ta 2003 ba Makélélé kaɗai ya bar Madrid ba. An sallami koci Vicente del Bosque duk da ya ci kofin lig, an kuma sallami kyaftin Fernando Hierro. Wato a wata biyu ƙungiyar ta rasa mai share wa taurari hanya a fili, ta rasa mai lallashinsu, ta kuma rasa mai tsawatar musu a ɗakin sauya kaya. Wanne ne ya fi yi mata illa? Babu ma'aunin da zai raba maka su. Wannan ita ce wahalar maganar gaba ɗaya: asarar a bayyane take, amma ba ta zuwa da suna a rubuce.

Misalin da ya fi kowanne fito da al'amarin a wurina shi ne Scott Carson. Mai tsaron raga ne ɗan Ingila da ya je Manchester City a 2019, yana da shekara talatin da 'yan kai, ya zauna har 2025. A shekara shidan nan wasa biyu ya buga: ɗaya da Newcastle a Mayun 2021 bayan an riga an ci kofi, ɗaya kuma ya shigo daga benci a karawa da Sporting a Maris ɗin 2022. Amma kusan kowace bazara sai a sabunta masa kwantiragi. Kocin City, Pep Guardiola, ba mutum ba ne da ke ajiye ɗan wasa don tausayi, ya sallami manya da yawa ba tare da ya waiwaya ba. Me ya gani a Carson?

Aikin gola na uku aiki ne da mutane ƙalilan ke iyawa. Kullum sai ya yi atisaye kamar shi zai kama ranar Asabar, alhali ya san ba zai kama ba. Idan an tashi, 'yan gaba suna son su tsaya su gwada bugun fenareti da bugun tazara, ba za a bar gola na ɗaya ya ƙarar da jikinsa ba, shi ne zai tsaya ya yi ta faɗuwa a ƙasa. Idan ka sa yaro mai shekara 20 a wannan gurbi, ko dai ya lalace don rashin wasa, ko ya fara ƙorafi, wakilinsa ya fara kiran 'yan jarida. Idan ka sa babban gola mai buri, ka kunna wuta tsakaninsa da na ɗaya. Abin da ake nema shi ne mutumin da ya ga jiya ya ga yau, wanda burinsa ya kwanta amma himmarsa ba ta mutu ba. Samun irinsa ya fi samun mai tsalle wuya.

Akwai kuma dalili na biyu da ba ruwansa da hali. Dokar Firimiya ta ce ƙungiya za ta yi rajistar manyan 'yan wasa 25, kuma waɗanda ba a rena a Ingila ko Wales ba kada su wuce 17. Wanda ake ƙirgawa a matsayin renon gida shi ne wanda ya yi kaka uku a wata ƙungiyar can kafin ya cika shekara 21. Ƙungiya irin City da ke sayo taurari daga ko'ina ba za ta so ta ƙona ɗaya daga guraben nan 17 a kan golan da ba zai buga ba. Carson renon gida ne, don haka zamansa bai hana kowa shiga ba. Haka Chelsea ta yi da gola Rob Green a kakar 2018 zuwa 2019, bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, amma hotonsa yana nan ya ɗaga kofin Europa cikin kayan wasa. A riƙe wannan batu na tsadar gurbi, domin za mu dawo kansa.

James Milner wani nau'in ne. Liverpool ta same shi kyauta a 2015, ya yi shekara takwas. Shi ya buga wasanni da yawa, har ya yi kaka guda cur a matsayin mai tsaron baya na hagu, wurin da ba nasa ba, saboda koci Jürgen Klopp ya buƙaci hakan. Amma abin da abokan wasansa suka fi ambata shi ne gwajin gudu na farkon kaka, inda shekara bayan shekara yake barin yaran da ya girme wa da shekara goma a baya. Ka yi tunanin kai matashi ne da aka sayo da miliyoyi, ka ga dattijon tawaga ya wuce ka yana huci. Da wane baki za ka ce atisayen ya yi tsanani? Koci yana iya yin ihu har muryarsa ta dushe, amma ƙa'idar da ɗan wasa ya kafa da jikinsa ta fi shiga, domin babu mai ce masa ai kai ba ka gudu.

Idan akwai wanda ke ƙara wa ƙungiya fiye da abin da alƙaluma suka nuna, dole akwai wanda ke rage mata duk da alƙalumansa na sheƙi. Cristiano Ronaldo ya koma Manchester United a 2021, ya ci ƙwallo 24 a kakar, 18 daga ciki a Firimiya. Babu wanda ya kusa da shi a ƙungiyar. Amma United da ta ƙare a ta biyu da maki 74 da ƙwallo 73 kafin zuwansa, sai ta ƙare a ta shida da maki 58 da ƙwallo 57. Ba adalci ba ne a ɗora masa duka. An kori koci Solskjær a tsakiyar kaka, aka kawo Ralf Rangnick na riƙon ƙwarya, tsaron bayan ƙungiyar ma ya zama rariya. Sai dai tambayar tana nan: ƙwallayen nan 24 ƙari ne a kan abin da ƙungiyar ke ci, ko kuwa ƙwallayen wasu ne suka koma ƙafar mutum ɗaya? Zaman ya ƙare a Nuwamban 2022, bayan hirar da ya yi da ɗan jarida Piers Morgan ya soki koci da shugabanni, aka soke kwantiragin. Koci Mikel Arteta ma ya yi irin wannan lissafi a Arsenal: ya ƙwace kambun kyaftin daga Pierre-Emerick Aubameyang a Disambar 2021 kan rashin bin doka, ya bar shi ya tafi Barcelona kyauta, alhali shi ne babban mai ci masa ƙwallo a shekarun baya. Ya ga cewa idan kyaftin yana makara ba a yi komai ba, gobe yaro ma zai makara. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Lafiya kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Real Madrid ta biya kusan yuro miliyan 100 a kan Eden Hazard a 2019, ya yi kaka huɗu, wasa 76, ƙwallo 7. Gwanin da ke ɗakin jinya bai kai matsakaicin da ke fili duk mako ba.

Sai ɓangaren da 'yan kallo ba su cika leƙawa ba, wato littafin akanta. A can ɗan wasa kadara ne, kamar mota ko gini. Idan ƙungiya ta sayi mutum fam miliyan 50 a kwantiragin shekara biyar, ba ta rubuta cewa ta kashe 50 a shekarar. Tana raba kuɗin, miliyan 10 kowace shekara. Bayan shekara uku saura miliyan 20 a littafi, idan ta sayar da shi 30, ribar 10 za ta rubuta. Amma yaron da ta rena tun yana ƙarami ba ta saye shi ba, don haka a littafi sifiri ne. Ta sayar da shi 30, duka 30 ɗin riba ce nan take. Tunda a kakar 2023 zuwa 2024 dokar Firimiya ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku, kuma an ga yadda aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a wannan kakar, sai yaran gida suka zama akuyar da ake kaiwa kasuwa idan bashi ya taso.

Conor Gallagher ya shiga Chelsea yana ɗan shekara takwas. A kakar 2023 zuwa 2024 kusan duk wasannin lig ya buga, sau da yawa shi ke ɗaure da kambun kyaftin saboda raunin Reece James. Da bazara ta zo aka sayar da shi ga Atlético Madrid a kan sama da fam miliyan 30. A idon koci yana da daraja idan ya zauna, a idon akanta darajarsa tana tafiyarsa. Ita dai Chelsea ɗin ce ta ba Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi a Janairun 2023 don kuɗinsu ya rabu ƙanana, har sai da hukumar UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar. Saboda haka idan ka ji an ce wane ya kai miliyan kaza, ka tambaya: a wurin wa?

Maganar da ake yawan yi a majalisa cewa kuɗin riguna kaɗai ya biya kuɗin sayen tauraro, ba haka take ba. Kamfanin da ya ɗinka rigar, Adidas ko Nike ko Puma, shi ke kwashe mafi yawan kuɗin, ƙungiya kaso kaɗan take samu a kan kowace riga bayan dunƙulallen kuɗin da aka riga aka biya ta. Inda tauraro ke kawo kuɗi na gaske shi ne sababbin masu tallafawa, tsadar tikiti da kasuwar talabijin, kamar yadda zuwan Lionel Messi Inter Miami a 2023 ya sauya wa ƙungiyar matsayi a Amurka. Wani lokaci kuma zargin kasuwanci yakan rufe wa mutane ido. Da United ta ɗauki Park Ji-sung a 2005, an yi ta cewa don a sayar da riga a Koriya ta Kudu ne. Shi ne koci Alex Ferguson ya riƙa ajiyewa don manyan wasanni, shi ya manne wa Andrea Pirlo na AC Milan a 2010 har ya hana shi sakat.

Mu dawo gida. Kyaftin a tawagar Najeriya yana da aikin da kyaftin ɗin Jamus ba shi da shi. A 2013 'yan Super Eagles sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa Brazil saboda rikicin alawus. A gasar cin kofin duniya ta 2014 sun ƙaurace wa atisaye kafin wasa da Faransa, a kan kuɗi dai. A irin wannan yanayi dole a samu wanda 'yan wasa suka yarda ba zai sayar da su ba, shugabanni kuma suna jin nauyinsa, wanda zai iya ɗaga waya a ɗauka. A Oktoban 2024, da aka karkatar da jirgin tawagar zuwa filin jirgin Al Abraq a Libiya aka bar su sama da awa 12, Troost-Ekong ne ya sanar da duniya halin da suke ciki, ya kuma bayyana cewa sun yanke shawarar ba za su buga ba. Daga baya hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba Najeriya maki uku da ƙwallo uku. Ba a buga wasan ba, don haka babu alƙaluman da za su nuna abin da kyaftin ya yi a wannan dare.

Ahmed Musa yana da irin wannan nauyi, kuma ba kyauta aka ba shi ba. Yana cikin waɗanda suka ci kofin Afirka a 2013, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, ya kuma zarce Joseph Yobo da Vincent Enyeama a yawan buga wa ƙasa wasa. Yaron da ya zo tawaga karon farko, idan Musa ya ce masa kwantar da hankalinka, zai ji.

Amma a nan ne nake rabuwa da masu goyon bayansa ido rufe. Kalmar "yana da amfani a ɗaki" ita ce mafakar da ta fi kowace sauƙi ga son kai. Tunda ba a ganin abin, ba a iya ƙaryata shi, kuma duk kocin da ke son ya saka yaron wani babba ko ya guje wa surutun jama'a zai iya fakewa da ita. A ƙasar da ake yawan zargin ana cusa sunaye a jerin tawaga, bai kamata a karɓi wannan hujja haka kawai ba. Ni abin da nake dubawa shi ne bakin da shaidar ta fito. Idan shugabanni ne kaɗai ke yabon mutum, ina ɗaga gira. Idan yaran da yake takara da su a kan gurbi ɗaya ne ke yabonsa, har bayan sun bar ƙungiyar ba su da abin da za su samu, wannan shaida ce mai nauyi. Ina kuma duba ko ya karɓi matsayinsa. Dattijon da ke benci yana murmushi daban, wanda ke benci yana aika saƙo ga 'yan jarida daban, na biyun guba ne komai tarihinsa.

Sai tsadar gurbin, wadda Carson ya koya mana. Kocin Najeriya a lokacin, José Peseiro, ya tafi Kwaddibuwa da mutum 25. A kowane wasa 11 ne ke farawa, biyar ke shigowa, kuma koci da ya samu tsarin da ke ba shi nasara ba ya cika taɓa shi. Mutum na 24 da na 25 a irin wannan tawaga da wuya su buga, ko su wane ne. Idan haka ne, zaɓen wanda zai riƙe ɗaki na wata guda a wannan gurbi ba wauta ba ne, kuma a nan ina ganin Peseiro yana da hujja. Inda hujjar ke rauni shi ne minti goman ƙarshe na wasan ƙarshe, bayan Sébastien Haller ya ci wa Kwaddibuwa ta biyu, lokacin da koci ke waiga benci yana neman wanda zai canja wasa. A wannan lokaci duk wanda ke zaune da ba za a iya sakawa ba, gurbi ne da babu kowa a ciki. Wasu za su ce to a ba shi muƙami cikin masu horarwa mana, ya tafi ba tare da ya ci gurbi ba. Shawara ce mai kyau, sai dai tana da nata gibin: ranar da mutum ya cire rigar 'yan wasa ya sa ta jami'ai, yara sun daina faɗa masa abin da ke ransu, ya zama na wancan ɓangaren.

A Oktoban 2024 Musa ya koma Kano Pillars, ƙungiyar da ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da rigarta a 2010, ya kuma ci biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. A nan darajarsa ta wajen fili ba ta buƙatar musu, ana ganinta a yawan masu zuwa kallo da yadda kafafen labarai suka waiwayi gasar cikin gida. A Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar, yana kuma ci gaba da buga mata wasa. Yanzu shi ne zai zauna a ƙarshen kaka ya duba jerin sunaye, ya yanke wane dattijo ne zamansa ke da amfani, wane ne kuma ya kamata a yi wa godiya a sallama. Sunansa ma yana cikin jerin, kuma kocin da zai ce masa yau benci za ka zauna, a ƙarƙashin ofishinsa yake aiki.